Huji Biyun da Baba Ya Toshe

Babana maƙeri ne ɗan maƙera, amma tun da ya zo aikin Hajji ya zauna, bai sake hura wutar maƙera ba. Wa zai ba mutum marar iƙama, takardar izinin zama, wurin ƙira a Makka? Shara ya yi ta yi a Arfa lokacin Hajji, sauran shekara kuma yana tsintar tsofaffin ƙarafa a haraj, kasuwar 'yan gwanjo. Ni a unguwar Ka'akiyya aka haife ni, kuma na taso ina jin kunyar wannan sana'a tasa, ba zan ɓoye ba.

A harajin ya samo wani baƙin ƙarfe, zagayayye, bai kai tafin hannu ba. Kallo ɗaya ya yi masa ya ce na takobi ne, shi ke tare hannu tsakanin ƙota da kaifi. Doguwar kafar tsakiya ta ruwan takobi ce, wannan ya gane. Abin da ya dame shi wasu huji biyu ne can bakin ƙarfen, ɗaya babba ɗaya ƙarami. Ya juya, ya sake juyawa, ya yanke cewa tsatsa ce ta ci. A gidansu kuwa maƙeri ba ya ganin ƙarfe da rauni ya wuce.

Sati uku ya yi a saman bene da gawayi da guntun jan ƙarfe, ga ido ya fara mutuwa. Ya toshe, ya goge da magagari har yatsa ba ya jin gaɓar. Ban taɓa ganin sa da fara'a irin ta kwanakin ba. Ya miƙo mini ya ce, "Kai wa masu sani su gani."

Na kai wa wani dattijo mai shagon kayan tarihi a unguwar Shisha. Ya ce na Japan ne, kuma ya tsufa ƙwarai. Hujin nan biyu da gangan aka yi su, igiya ake zurawa a ɗaure a wuyan hannu don kada takobi ya suɓuce. Ba kowane ke da su ba, su ne ma abin nema a jikinsa. Ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa, sannan ya ce, "Ya ɓata shi, amma wallahi wanda ya yi wannan liƙi mu'allim ne, gwanin maƙeri. Da kyar na gano."

Na dawo gida raina a ɓace, na tarar da shi da maƙwabta ana shan shayi bayan La'asar. A gabansu na zazzage masa, rabi Hausa rabi Larabci. "Halas, Baba, ka lalata shi! Ba tsatsa ba ce. Me ya sa ba ka tambaya ba?"

Ya jira sai da mutane suka watse. Sannan ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, "To, ya waladi, aikin fa? Me ya ce game da aikin?"

Har lokacin zuciyata ba ta sauka ba. Na ce, "Bai ce komai ba."

Ya gyaɗa kai. Washegari ya kyautar da magagarin da awartakinsa. Na yi ta cewa zan gaya masa gaskiya in na sami sarari, girman kai yana hana ni, ina ɗauka akwai lokaci. Wata huɗu bayan nan muka yi masa salla a Harami. Baƙin cikin nan bai sake ni ba har yau, domin maganar tana bakina tun ranar, kuma shi kaɗai take wa amfani.