Kwalaben Ƙasar Baba

Babanmu mai haƙar rijiya ne. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana shiga rami da hantsi ya fito da la'asar, jikinsa furu-furu, sai idanu kawai ake gani. Aikin mutum ɗaya ne, domin ramin ba ya ɗaukar biyu. Masu jan guga suna sama suna hirarsu, shi yana can ƙasa da dagi da ɗan shebur, babu mai ce masa kanzil sai in igiya ta sarƙe. Ina jin a nan ya koyi shiru. Ko a gida, in ka ji muryarsa to ruwan alwala yake nema.

Abu ɗaya ne kawai ke buɗe masa baki, shi ne ƙasa. Tun yana saurayi ya lura cewa a yawancin rijiyoyin yankinmu, in an wuce jar ƙasa da tsakuwa, wajen gaba shida ko bakwai, sai a tarar da wata laka mai ruwan toka, sumul, babu dutse ko ɗaya a cikinta sai ƙananan ɓawon katantanwa. Kaurinta kan kai ƙirjin mutum. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne abin da ke ƙarƙashinta. Ranar da ya fara huda ta, a wani ƙauye mai nisan yini guda da kogi, sai dagi ya fito da gawayi da toka da fasasshiyar tukunya, har da zanen yatsa a bakinta. Ya ce zama ya yi a ramin, masu guga na ta kiransa bai amsa ba. Wata mata ta taɓa girki a nan, sannan wani ruwa ya zo ya shimfiɗa mata laka har iya ƙirji.

Daga ranar ya fara tara ƙasa a kwalabe. A kowace rijiya, duk inda launin ƙasa ya canza, sai ya ɗebi cikin hannu ya ɗura. Baba bai iya rubutu ba, saboda haka ya yi wa kansa dabara. A wuyan kowace kwalba yana ɗaura zare, ƙulli ɗaya gaba ɗaya, ƙulli bakwai gaba bakwai. Inda ya ajiye kwalbar a ɗakin baya kuma shi ne garin da ta fito. Na gabas suna bangon gabas, na kusa da kogi suna bakin ƙofa. Ni dai ban san wannan ba sai daga baya. Na san akwai kwalabe, na san an hana mu taɓawa, kuma ban taɓa tambaya ba.

'Yan unguwa suka sa masa Mai Kwalabe. In ya zo wucewa ta wurin mai shayi sai a ce ga mai neman jirgin ruwan Ɗufana nan, a tambaye shi ko ya tono ƙusa ɗaya. Shi kuwa bai taɓa cewa wancan ruwan ne ba, ya ce bakinsa bai kai nan ba. Abin da yake faɗa kawai shi ne, duk garin da ya je haƙa sai ya tarar tsofaffi na da labarin ruwan da ya cinye gari a zamanin da, wasu su ce mutum biyu suka tsira a kan tudu, wasu su ce a kan itace, kuma shi ya taɓa lakar da hannunsa. Innarmu ce kaɗai ke sauraronsa, ita ma tana tsintar wake tana cewa to, to. Da ta rasu, sai ya rasa ko mai cewa to ɗin.

Sai motocin burtsatse suka shigo, abin da yake yi a wata biyu su yi shi a yini ɗaya. Aiki ya ɗauke. Yayyena maza suka watse neman abinci, ni ma aikin jinya ya kai ni wani gari, sai ƙarshen wata nake leƙowa. Nakan tarar da shi a ƙofar ɗakin baya a kan kujerar roba, ƙafafu a kumbure, yana kallon bango. Wallahi raina yakan ɓaci, na rasa da wa zan yi faɗa.

Burinsa ɗaya ne, kuma ya faɗa mini ba sau ɗaya ba: kafin ya mutu wani mai ilimin abin ya zo ya duba, ya ce masa ko gaskiya ya gani ko shirme yake yi. To, ashe wani injiniyan burtsatse da ya taɓa fakewa ruwan sama a zaurenmu ya kai labarin jami'a. Aka aiko cewa wata malama mai nazarin ƙasa da duwatsu za ta zo ranar Asabar. Baba ya kira ni a waya da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

Na iso ranar Juma'a. Ya tafi aski da karɓo rigarsa wurin mai wanki da guga, ni kuma na tura ƙofar ɗakin baya. Subhanallahi! Yanar gizo, kashin ɓera, kwalabe birjik a ƙasa da kan taga da bayan ƙofa, kowace da wani baƙin zare mai maiƙo a wuya. Ni da na shekara ashirin ina dafa almakashi a asibiti, a ce malamar jami'a ta shigo ta ga ubana a wannan ƙazanta? Na ɗaura zani na shiga aiki. Na kwashe su duka zuwa tsakar gida, ɗari da arba'in da uku, na yanke zarurrukan na jefa a murhu, na goge kowace da ruwan sabulu har tana ƙyalli. Na aro katako biyu na yi kanta, na jera su daga mai haske zuwa mai duhu. Har daɗi na ji.

Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Ya kai hannu wuyan kwalba ɗaya, ya shafa, ya kai na biyu. Ya tambaye ni ina zaren, na ce ai na ƙone wannan dattin. Ya je ya rataye rigarsa.

Malamar ta zo da hantsi, mace mai fara'a, ta durƙusa ta gaishe shi. Ta zazzage lakar a tafin hannu, ta duba da ƙaramin gilashi, ta juya guntun tukunyar nan da ya adana, sai na ga fuskarta ta canza. Ta ce irin wannan laka ruwa ne mai yawa ke kwantar da ita, ko kogi ya sauya hanya, ko wani tafki ya ɓalle. Ta ce a wurare da dama masu bincike sun tarar da irinta a kan tsofaffin gidaje, har wasunsu na ganin daga irin wannan ne wasu labaran babban ruwa suka samo tushe. In lakar ɗaya ce a garuruwa masu nisa da juna, kuma a zurfi ɗaya, to ba ƙaramin abu ya gano ba. Baba ya gyara zama.

Sai ta buɗe littafinta ta ce, "Baba, wannan daga wace rijiya ce, kuma gaba nawa?"

A nan na gane abin da na yi. Ya ɗauki kwalbar, ya sunsuna, ya ɗanɗana a harshe. Ya ambaci wani gari, ya ce a'a, ya ambaci wani. Haka suka yi har azahar, guda tara kawai ya iya rantsewa a kansu. Rijiyoyin kuwa an ɗaure su da siminti tun tuni, rabi ma an cike su. Malamar ta rufe littafin a hankali. Ta ce ta yarda ya ga abin da ya gani, amma ba ta da abin da za ta rubuta. Bai dube ni ba ko sau ɗaya, bai kuma gaya mata dalili ba. Cewa ya yi tsufa ne.

Washegari da safe na fito na same shi a gindin katanga yana juye kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Ja da fari da ruwan toka duk suka haɗe, tarin bai fi cikin kwano biyu ba. Na durƙusa ina kuka ina cewa ya zage ni, ya dake ni ma in ya so. Ya kakkaɓe ta ƙarshe, ya sa a buhu tare da sauran, ya turo mini.

Ya ce, "Kin sha wahalar wanke su, uwata. Ki kai asibitinku, kar su yi asara."