Neman Mai Maɓalli a Liwan

Mun tashi da asuba daga Panyu, unguwar da nake zaune, ni da Gwaggona, kuma komai lafiya har ƙarfe tara da kwata, lokacin da muka sha kwanar wani lungu a Liwan muka tarar babu kasuwar da muka zo nema. An zagaye wurin da shuɗin kwano, motar rusau tana ta aiki a ciki.

Gwaggo 'yar kasuwa ce daga Kano, leshi da kayan ɗinki take sarowa. Ni karatu ya kawo ni nan, don haka na zama tafintarta, ko da yake na fi iya karanta Sinanci a kan furta shi. Rabonta da garin tun kafin korona. A kasuwar nan akwai wata tsohuwa mai sayar da maɓalli da Gwaggo take kira Lawban, wato mai shago. Wata shekara zazzaɓi ya kayar da Gwaggo a gaban rumfarta, matar ta rufe shago ta kai ta asibiti, ta wuni a kanta. Lambar wayar matar ta ɓace tare da tsohuwar wayar Gwaggo. Ga shi washegari jirgin Gwaggo zai tashi, kuma da ciwon gwiwar da yake damunta ba ta jin za ta sake zuwa. Doguwar riga ta atamfa ta ɗinko mata.

Muka shiga tambaya. Mai gadi ya ce meyo, wato babu. Mai sayar da rake ya ce meyo. Masu tura dilolin kaya a amalanke ko tsayawa ba su yi ba. Liwan tsohuwar unguwa ce, benayen sun yi wa masu tafiya rumfa, saiwoyin bishiyoyi suna reto kamar gemu, ga zafi mai ɗanko da yake manne wa mutum hijabi a wuya.

Da rana muka faɗa wani shagon taliya na Musulmi. Kwano guda da yankan naman sa, arha, romon kuma ya fi naman yawa. Gwaggo ta yi kokawa da tsinkayen cin abinci har mai shagon ya tausaya ya kawo cokali mai yatsu. A nan wani Alhaji ɗan zangon Kumasi, mai aika kaya ta jirgin ruwa, ya ji Hausarmu ya matso. Na ce, murya ƙasa-ƙasa, na karanta cewa hukumar gunduma tana bayyana irin wannan tashin kasuwa, kuma mutum yana iya zuwa ya tambaya.

"Ofishin gwamnati?" in ji Alhaji. "Hajiya, baƙo ba ya kai kansa. Su ce ina fasfo, ina kaza."

Gwaggo ta dube ni. "Wa kika sani a can?"

"Babu kowa."

"To wa zai saurare ki, 'yar nan? Ke da ko mai shayi ba kya iya yi wa magana."

Gaskiya ta faɗa. Amma na ga yadda take rungume da ledar rigar, sai na miƙe. A hanya na yi ta maimaita tambayata a zuci kamar hadda.

Ofishin bai yi kama da abin tsoro ba. Na'ura ta ba mu lamba, muka zauna cikin tsofaffi masu mafici. Wani dattijo yana ta ɗaga murya a kan famfon layinsu, ma'aikacin kuma yana rubutawa, ba wanda ya kira masa ɗan sanda. Da aka zo kanmu, kafin in buɗe baki Gwaggo ta zaro kwalbar turare ta ajiye a gaban wata matashiyar ma'aikaciya, don a wurinta ba a zuwa neman alfarma hannu biyu babu komai. Yarinyar ta yi ja har kunne, ta turo kwalbar da hannu biyu.

"Rainawa ta yi?" Gwaggo ta raɗa mini. "Ce mata na Makka ne."

Na yi tambayata, muryata tana rawa. Ma'aikaciyar ta ce bayanin mutum ɗaya ba za ta iya bayarwa ba. Amma inda aka mayar da 'yan kasuwar maganar jama'a ce, ba alfarma ba, kowa yana iya tambaya. Ta juyo mini da fuskar kwamfutarta. Na karanta sau biyu don in tabbata. Panyu.

"Panyun da muka baro?" Gwaggo ta tafa hannu tana dariya har tsofaffin suka waiwayo. "Ashe a ƙofar gida muka bar ta!"

A jirgin ƙarƙashin ƙasa, muna komawa, na tuna rijiyar burtsatsen unguwarmu ta can gida da aka fara aka watsar. Kowa ya yi ƙorafi a ƙofar gida, amma ban san wanda ya taka zuwa sakatariya ya tambayi dalili ba, don dukanmu muna jiran mu san wani. Mu ma an ce muna da dokar neman bayani. In na je hutu zan gwada, ko da muryar za ta yi rawa.

La'asar sakaliya muka isa sabon ginin, tasha kaɗan daga ɗakina. Muka bi layi-layi, Gwaggo tana dafa kafaɗata. Can ƙurya ta tsaya cak. Wata tsohuwa ce mai furfura, ta duƙa tana zuba maɓallai a 'yan ledoji. Na shirya zan fassara, Gwaggo ta matse mini hannu. Da Hausa ta yi magana, kamar yadda ashe suka saba.

"Lawban, akwai maɓalli?"

Tsohuwar ta ɗago, ta cire tabarau, ledar ta suɓuce maɓallai suka watse a ƙasa.

"Hajiya!" ta ce. "Akwai. Akwai!"