Gangunan Da Suka Sa Na Zargi Dattijo

Lokacin da abin ya faru ina da shekara talatin da ɗaya, ina zaune a unguwar Al-Shifa, ina aiki a kudancin Riyadh, a gonar kafilina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar. Ni mutum ne mai tsananin tsoron duk abin da zai taɓa iƙamata, wato takardar izinin zamana, kuma tsoron nan ne ya jefa ni cikin abin da har yau nake jin kunyar tunawa.

A gonar akwai ɗakin leda da muke noman tumatir a ciki. Mai kula da shi wani dattijo ne ɗan Afghanistan, daga yankin duwatsu inda ƙanƙara ke sauka. Larabcinsa kaɗan ne, nawa ma haka. Da sanyi ya ƙarato sai na ga ya samo ganguna goma sha biyu, ya shafe su da baƙin fenti, ya cika su, ya toshe bakinsu, ya jera su jikin bangon arewa. Ya ƙara leda ta biyu daga ciki, ya cusa soso a kowace kafa, ya hana kowa buɗe ƙofa bayan la'asar. A lungu kuma ya tara taki da ciyawa da ruɓaɓɓen dabino, wani tsami yana tashi. Kullum da safe sai ya bi gangunan yana ɗora musu tafin hannu yana gyaɗa kai.

Raina ya ba ni giya yake haɗawa. Sau ɗaya na tambaye shi, ya nuna min rana, ya nuna gangunan, ya ce ruwa ne kawai, yana shan zafi da rana ya sake wa shuka da dare. Na ɗauki maganar a matsayin dabarar rufe laifi, don ban taɓa jin an ɗumama ɗaki da ruwa ba. Na daina cin abinci tare da shi. Ko shayi ya miƙo min sai na shinshina. Na riƙa tunanin in 'yan sanda suka zo har da ni za a kwashe, a mayar da ni gida hannu rabbana. Bayan mako biyu na kai ƙararsa wurin kafili.

Kafili ya zo ranar Asabar da hantsi, ya tara ma'aikata, ya sa aka kifar da gangunan ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ne, mai ɗumi, babu komai a ciki. Dattijon bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ne?" Na sunkuyar da kai. A makon ya roƙi a mayar da kafalarsa wani wuri, ya tafi. Kafili kuma ya ce a fitar da gangunan da takin, ba ya son abin da zai jawo masa magana.

Da sanyi ya kai ƙarshen ƙarfinsa, wata safiya na buɗe ɗakin na tarar ganyen tumatir ya yi baƙi ya langaɓe. Injiniyan da aka kira ya ce baƙin fenti na jawo zafin rana, ruwa na riƙe shi, leda biyu da soso na hana shi fita, ruɓar taki ma ɗumi take bayarwa. Abin da dattijon ya faɗa min ke nan da guntun Larabcinsa. Na neme shi a unguwar Batha, matattarar baƙin ma'aikata, Juma'a uku, ban samu wanda ya san inda ya koma ba.

Tumatir mun sake shukawa, amma wulaƙancin da na jawo wa mutum mai furfura a gaban yaran aikinsa ban san yadda zan wanke shi ba. 'Yan'uwana da ke aiki a ƙasar mutane, za ku haɗu da masu sanin abin da ba ku sani ba. Kada rashin fahimtarku ya zama shaidar laifin wani. Kafin ka kai ƙarar mutum, ka nemi wanda zai fassara maka maganarsa, ka buɗe ganga ɗaya da hannunka. Ni ban yi ba, kuma har yau ban sami wanda zan roƙa gafara ba.