Inda Igiyar Yesaya Ta Ƙare

A duk tsaunukan Makete, in ana maganar dashen itacen paina, sunan Yesaya Kyando ake fara kira. Ba wani asiri gare shi ba, igiya ce kawai. Doguwar igiya mai ƙulli-ƙulli, tazarar kowane ƙulli da na gabansa iri ɗaya, ba ƙari ba ragi. Sai a kafa turke a saman gangare, a ja ta har ƙasa, duk inda ƙulli ya faɗa a haƙa rami a sa dashe. Gonar da Yesaya ya ja wa igiya, ko itatuwan sun wuce rufin coci, in ka tsaya bakin layi sai ka hango ƙarshensa sarai. Yana alfahari da wannan, kuma ba ya ɓoyewa.

Gonarsa ta kansa ce kaɗai ta ba shi kunya. Shekarar da zai dasa ta, yana sabon magidanci, ya kira gayya, an dafa dankali, an kawo giyar gora. Aka ja igiya daga sama, sai ga ta ta tsaya tun ba ta kai bakin rafi ba. Kai! Ashe matarsa Nisile ce ta sa wuƙa ta yanke wani tsawo mai yawa, ta ɗaure awakinta biyu, sauran ta yi igiyar shanya.

"Me ya kai ki? Igiyar aiki fa ce!"

"To awakin da gemunka zan ɗaure su?"

Mutane suka bushe da dariya. Ga ruwa na zuba, ga kasuwa da nisa, dole aka yi dashe da guntuwar igiya. Kowane layi ya tsaya kafin rafi, aka bar wani siririn fili a ƙasa yadda Allah ya yi shi. Yesaya ya ce, "Ba komai, baɗi zan dawo in cike." Baɗi ta zo aka haifi ɗansu Tulizo. Wata shekarar dashe ya yi wuyar samu. Daga nan kuma painar ta yi tsawo, maganar ta bi ruwa. Amma maƙwabcinsa Fungo bai taɓa bari ta mutu ba. Duk haɗuwa sai ya kira shi Mzee, wato dattijo, ya ce, "Mzee Kyando, yaushe baɗin taka za ta zo?"

Bayan dashe, abin da Yesaya ya fi so shi ne ƙudan zuma. Ya gaji amya da yawa daga mahaifinsa, na kututture da aka rarake, ya rataye su ko'ina a gangaren. A da, ciyawar wurin in damina ta faɗi ba ka iya ƙirga furanninta, ja da rawaya da shunayya, ga ganyen miya, ga saiwar maganin tari. Da painar ta haɗe sama, rana ta daina sauka. Ganyenta mai kama da allura ya zuba ya lulluɓe ƙasa, taushi kamar katifa, amma ko tsiro ɗaya babu. Shiru kake ji a ciki, ko tsuntsu ba ya ɓata lokacinsa. Ƙudan suka dinga tashi ɗaya bayan ɗaya, Yesaya yana ɗora laifin a kan sanyi, a kan cinnaka, har a kan Fungo da hayaƙin tabarsa. Sai da ya rage amya ɗaya tak mai ƙuda, wadda ke rataye a filin bakin rafi, sannan ya daina neman mai laifi.

Nan ya mayar wurin zamansa da ya tsufa. Da hantsi, in gajimare ya janye daga kan tsauni, sai ya sauka da sandarsa ya zauna kan dutse. Duk abin da ya ɓace a gangaren yana nan a cunkushe: furanni, 'ya'yan ƙaya ja masu tsami, malam-buɗe-littafi, da wasu tsiron da ko sunansu ya manta. Nisile na tsinkar ganyen miya tana mita a kan gwiwarta. Iska kan kawo irin paina ya tsira a tsakiyar furannin, sai ka ga Yesaya ya waiga hagu da dama, ya tsuguna ya tuge. Mutumin da ya dasa dubbai! Ranar da Nisile ta kama shi, sai da ta riƙe ciki don dariya.

"Baban Tulizo, me nake gani?"

"Ba a kan layi yake ba," in ji shi, ko kunya babu.

Zumar amyar nan ba ta da yawa, amma tana isarsu shan shayi da lasa wa jikoki in sanyi ya kama musu ƙirji. Yesaya yana jin daɗin rayuwarsa, kuma yakan faɗa.

To, sai painar ta isa yanka. Injin zarto ya yi ta kuka, manyan motoci suka kwashe katako, gangaren ya koma fili fetal. Yesaya kuwa tun kafin nan ya tara dangi ya ce gonar ta zama ta Tulizo. Magana ce ta gaban mutane, ba a janye ta. Tulizo yaro ne mai hankali, yana da 'ya'ya a makaranta, kuma ya san paina ce ke biya wa kowa karatu a garin. Wata yamma suna cin tuwon masara ya ce, "Baba, bana zan cike maka abin da ya gagare ka. Har bakin ruwa zan dasa, Mzee Fungo ya nemi wani abin tsokanar."

Yesaya ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya san in aka dasa wurin, 'yan shekaru kaɗan inuwa za ta cinye furannin, amyar mahaifinsa ta ƙarshe ta zama kututture kawai. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

"Ƙudan fa?"

"Haba Baba, ƙuda ai fiffike gare su. Su nemi wani wurin."

"Wane wurin? Ka duba tsaunin nan ka nuna mini."

Tulizo ya yi dariya, a zatonsa rigimar tsufa ce. Yesaya ya wanke hannu ya tashi. Abin da ka bayar ka bayar.

Washegari Tulizo ya kawo sabuwar igiya shuɗiya daga kasuwa, don ba wanda ke yin ƙulli in ba tsohon ba. Yesaya ya zauna a ƙofar gida yana yi. Nisile tana kallonsa daga bakin murhu.

"Ka tsallake ƙullin ƙarshe mana, wa zai sani?"

"Ni zan sani. Tunda nake ban taɓa ha'inci a igiya ba."

"Oho dai. Ka zauna da gaskiyarka."

Haka ya ƙulle ta tsaf har ƙarshe, ya naɗe, ya rataye a bayan ƙofa, ransa babu daɗi.

Ranar gayya aka yi yayyafi mai kyau. An dafa dankali, an kawo giyar gora, dashe jere cikin leda. Yesaya ya tsaya a sama wajen turke, Tulizo ya kama bakin igiya ya gangara. Yana tafiya, yana tafiya, sai igiya ta ja hannunsa ta tsaya cak. Ko filin furannin bai kai ba, da sauran tazara mai kyau. Ya ja, ya sake ja. Ya dubi bakin igiyar, ga sabon yankan wuƙa.

Fungo ne ya fara hangowa. Ya nuna tsallaken rafi da sandarsa, dariya ta hana shi magana. Can a tsakar gidan Yesaya ga igiyar shanya sabuwa fil, shuɗiya, da ƙulle-ƙullenta, an baza zannuwa a kai cikin yayyafin. Nisile na tsaye a gefe ta riƙe ƙugu.

"Maman Tulizo!" Yesaya ya ƙwala mata kira. "Kin sake ko? Igiyar aiki fa ce!"

"Tsohuwar ta ruɓe! Ko a kanka zan yi shanya?"

Gayya ta kaure da dariya. Wani saurayi ya ce a miƙo babur, yanzun nan zai sayo wata. Yesaya ya dubi Tulizo, don gonar ba tasa ba ce, maganar ma ba tasa ba ce.

Tulizo ya juya wa gayya baya. Yana tsaye da guntun igiya a hannu, yana kallon filin da ke ƙasa da shi. Ƙudan sun fito duk da yayyafin, suna ta hidimarsu a kan furanni. Ga 'ya'yan ƙayan da yake ɓata riga da su yana yaro, uwarsa na binsa da tsumagiya. Ya ɗaga kai ya dubi mahaifinsa can sama, tsoho ya riƙe turke da hannu bibbiyu kamar za a ƙwace masa.

"Bar babur ɗin," in ji Tulizo. Ya sunkuya ya kafa tsinke inda igiya ta ƙare. "A fara haƙa daga nan. Ba komai, Baba, baɗi zan dawo in cike."

Fungo ya dafa kansa. "Wayyo ni! Wata baɗin kuma?"

Yesaya ya saki turken. Ya goge fuskarsa da hula, ya ce ruwan nan ya cika shiga ido, sannan ya daka wa masu haƙa tsawa su bi ƙulli kada su karkace masa layi.