Na Dawo Daga Italiya Na Rushe Duwatsun Inna

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke rubuto muku a wannan shafi ina girgiza kai, yau ga nawa. Ku sakaya sunana, ko da yake a ƙauyenmu ko an sakaya kowa zai gane ni.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Keita, kusa da Ibohamane, a gindin tudun duwatsu. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da ɗoriya. Direba ne ni, na san Tawa, na san Yamai, ina jin Faransanci daidai na neman abinci. Kuma ina da wata cuta da ban gano ta ba sai da ta gama da ni: duk wanda bai taɓa fita daga ƙauye ba, gani nake bai san komai ba. Har da uwar da ta haife ni.

Sai na faɗi yadda gonarmu ta samu, don a gane abin da na ɓata. Kakanninmu ba su da ƙasar kansu. A ƙarƙashin masu raƙuma na arewa suka zauna, su noma, a zo a ɗebi abin da aka ga dama. Mahaifina ma gonar aro ya noma har ya rasu ina ƙarami. Bayan babbar yunwa sai ga Turawan Italiya da aikin raya fako, wato ƙasar nan da ta bushe ta yi tauri har ciyawa ba ta fitowa. Mata ne suka yi yawancin aikin, don maza sun tafi cin rani, kuma Inna, mahaifiyata, tana cikinsu. Ta yi shekaru tana ɗauko dutse a ka daga tudu, tana jera shi layi-layi a kan gangare, kowane layi bai kai gwiwa ba, domin ruwan sama ya rage gudu ya ajiye ƙasar da ya kwaso. Tsakiyar kanta gashi bai sake fitowa ba saboda gammo. Da aka raba fakon ga waɗanda suka yi aiki, ta sami nata. Sannu a hankali ƙasa ta taru a bayan layukan, gero ya fito, wake ya fito. Ita ce gona ta farko da wani a zuriyarmu ya taɓa nunawa ya ce tasa ce.

A aikin nan na fara tuƙi ina saurayi, ina tuƙa wani Bature masanin ƙasa, mutum mai kirki da yawan dariya. Bayan ya koma gida ba mu yanke zumunci ba. Da ya tsufa sai ya aiko mini da takardar gayyata, ya ce yana so in ga ƙasarsa kafin ya mutu, tunda shi ya ga tawa. Mako uku na yi can.

Wallahi na ga abin kallo. Ya ɗauke ni a ƴar motarsa, wannan karon shi ke tuƙi ni ina hakimce a gefe, muka yi ta bin garuruwan da ke kan tuddai a wani yanki da suke kira Toskana. Kowane gari yana can ƙololuwa, an zagaye shi da ganuwar dutse tun zamanin da suke yaƙi da juna, lungunansa matsattsu ne, jaki mai kaya da ƙyar zai ratsa. Majami'ar farko da muka shiga na tsaya bakin ƙofa ina cire takalmi, tsohon ya yi dariya har da tari. Ciki sanyi kamar randa. Sama da bango duk zane ne, mutane da mala'iku, shuɗi da ruwan zinariya. Ni Musulmi ne, ina ta istigfari a zuci, amma idona ya ƙi sauka. A wata majami'ar na ga an sassaƙa wata mata riƙe da gawar ɗanta a cinya, har naɗin zanenta ana gani. Na ce a raina, wannan fa dutse ne, irin wanda ke fasa mana ƙafa a gida. Su ga abin da suka yi da nasu, mu kuwa sai dai mu jera shi a ƙasa kamar murhu. Daga nan kunyar ƙauyenmu ta shige ni.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne gonakin inabi. Gangaren tudu an yanka shi hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da katangar dutse da ta fi mutum tsayi, inabi ya yi nauyi a jikin kara. Giyarsu ban taɓa ba, amma inabi na ci har cikina ya ɓaci. A nan tsohon ya tambaye ni ko layukan Inna suna nan. Na ce suna nan, na yi sauri na kawo wani zancen. Ya ce ruwan ƙasarsu a hankali yake sauka wata da watanni, namu kuwa da fushi yake zuwa, don haka kowace ƙasa da irin katangarta. Ina gyaɗa kai, hannuna yana kan waya ina ɗaukar hoto. Ranar dawowa na yanki rassan inabi na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na cusa cikin safa a ƙasan jaka.

Na dawo ba a iya zama da ni. Kowace magana sai na ce a Italiya ba haka ake yi ba, har abokan shayina suka laƙaba mini sunan ƙasar, ni kuwa ina jin daɗi. Da rani ƙanwata ta haihu a Tabotaki, Inna ta tafi yi mata wankan jego na kwana arba'in. Ban gaya mata abin da ke raina ba, don na san za ta hana, kuma na ɗauka rashin sani ne zai sa ta hana. Tana juya baya na ɗauki ƴan ƙwadago da amalanken jaki, muka kwashe layukanta kaf, muka tara duwatsun muka gina manyan katangu uku. Na sa aka toshe ramukan da ke tsakanin duwatsun da siminti don su yi kyau kamar na hoto. Wani dattijo da gonarsa ke ƙasan tamu ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce mini layukan nan da nake rainawa, ramukan da ke tsakanin duwatsunsu ne aikinsu, ruwa ya tsiyaye ƙasa ta tsaya, in an tare shi gaba ɗaya zai nemi hanya da kansa. Na tambaye shi ko ya taɓa shiga jirgin sama. Ya juya ya tafi. Wannan tambaya har yau in na tuna ta sai in ji kamar in nutse.

Da Inna ta dawo ko gida ba ta shiga ba, labari ya tare ta a hanya. Na same ta a gonar tana zaune a kan wani dutse. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube ni ta ce, "Wa ya ba ka duwatsun ga?" Maimakon in ba ta haƙuri sai na zaro waya ina nuna mata hoton gonar inabi. Ko kallon wayar ba ta yi ba, ta tashi ta kama hanyar gida.

Rassan inabin da na dasa ba su ga damina ba, gara da zafin bazara suka cinye su. Ruwa na farko da na biyu katangun suka riƙe, na fara ɗaga kafaɗa. Na uku ya zo bayan la'asar, irin wanda ba ka ganin mutum a gabanka. Ruwa ya taru a bayan katanga ta sama har ya zama tafki, sai ta fashe, ta faɗa wa ta biyu, ta biyu ta faɗa wa ta uku. Kafin magariba komai ya ƙare. Ƙasar gonar ta tafi har sai da jan dutsen da ke ƙarƙashi ya bayyana, zaizaya ta tsaga tsakiyarta yadda raƙumi zai shige ba a gan shi ba, yashi da duwatsu suka binne shukar dattijon nan.

Washegari na tarar da Inna da gammo a ka, tsohuwa mai shekara kusan saba'in, tana tsinto duwatsu daga cikin kwari ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa ina kuka ina roƙonta ta bari, ni zan mayar da su duka. Ta ce, "Duwatsu kam muna iya maido su. Ƙasar da ta tahi fa, wa za ya maido ta? Shekara talatin tana taruwa." Kuma ba ta bar ɗaukar ba.

A shekarar nan rumbunmu wayam. Matar da ta saba fitar da zakka daga gonarta, ita aka kawo wa zakka. Cikin masu kawowa har da dattijon da na ɓata wa gona, ya aiko da dami biyu daga wata gonarsa, ya ce a ba Inna. Kafin wata daminar bayanta ya riƙe, ga tari. Na ɗauke ta a mota za mu asibitin mishan da ke wajen Madawa. Hanyar fita daga ƙauyenmu ta gefen gonar take bi. Muna kusa da wurin sai ta taɓa kafaɗata ta ce in zagaya ta bayan gari, ko da ta fi nisa. Na zagaya. Kwananta tara a asibitin Allah ya karɓi ranta. Ta ce ta yafe mini, a gaban ƙanwata ta faɗa, kuma na san gaskiya ta faɗa. Amma yafewar ba ta sa ta iya kallon gonar ba, kuma wannan ne abin da nake ɗauke da shi.

Na bar tuƙi. Ni nake jera layukan yanzu, dattijon nan ne ya nuna mini yadda ake yi kafin shi ma ya rasu. Bara na tona bayan layi na farko na auna ƙasar da ta taru, yatsa huɗu. Da wuya in ga gero a wurin kamar da, sai dai ko ƴaƴana.

Ban ce tafiya laifi ba ce, kuma ban ga laifin tsohon da ya gayyace ni ba, don ya gaya mini gaskiya ni na ƙi ji. Abin da na koya shi ne, na je na yi mako uku ina sha'awar haƙurin kakannin wasu, na dawo na rusa na uwata a mako biyu. Masu zuwa ƙasashen waje, ku je ku buɗe ido, ku sha kallo. Amma in kun dawo kun ga wani abu a gida da bai yi muku kyau ba, kada ku taɓa shi sai kun zauna gaban wanda ya yi shi kun tambaye shi dalili, tun yana da rai. Ni yanzu tambayoyin sun cika mini baki, wadda za ta amsa ce babu.