Kwana Uku Na Rubuta, Takalmin Ya Yi Takwas Kafin Ya Kai Yamai

Litinin, Maraɗi

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba na bar gida da ƴar jakata a kafaɗa, ko ruwan zafi ban sha ba. Maƙwabcina ne ya kai ni tasha a kan moto, wato babur. Abin da ya tashe ni tafiyar kilomita ɗari shida da wani abu zuwa Yamai, takalmi ne na mutum ɗaya.

Sunana Lawali. Shekara biyu ke nan ina sayar da takalman fata a wata kasuwar intanet. Duk mai sayarwa a can sai ya cike gurbi biyu: kwana nawa yake yi kafin ya shirya kaya, kwana nawa kuma kayan ke yi a hanya. Shafin ya haɗa su, ya nuna wa mai saye ranar da zai karɓa. Ni na sa ɗaya da biyu. Ban auna komai ba, na dai ga haka sauran suka sa, kuma mai gajeren lokaci shi masu saye ke fara dubawa.

Litinin ɗin da ta gabata wata mata mai suna Hajiya Hadiza, daga unguwar Lazare a Yamai, ta yi komand, wato ta yi odar takalmi. Mahaifinta na da ciwon sukari, ƙafafunsa na kumbura, ga shi za shi Umra ranar Larabar mako mai zuwa. Ta zana sawunsa a takarda ta turo mini hoto, tana son takalmi mai faɗi, mai taushi, ba ɗinki a ciki. Shafi ya ce mata Alhamis zai iso. Malam Idi, badukun da ke mini aiki, bai gama ba sai ranar Alhamis ɗin da la'asar, a ranar na kai shi tasha. Ni kuwa tun Talata na danna wurin da ke cewa an aika, don kada a rage mini taurarin yabo a shafin. Ran Lahadi ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Malam, Baba na tambayata takalminsa. Me zan ce masa?"

Shi ya sa na ce sai na bi sawun takalmin da kaina. Kamfanin da ke ɗaukar mini kaya shi ke da kar ɗin da zan shiga, wato babbar motar fasinja. Na sayi biye, wato tikiti, jika goma sha ɗaya na sefa, na zagaya wajen mai karɓar koli, wato kayan aike. Ya buɗe littafi yana hamma.

"Naka jiya ya tafi, a kamiyo, motar kaya."

"Jiya? Ran Juma'a da na kira ka ce mini ya tafi!"

"E, ya tafi daga teburina zuwa magaza, ɗakin ajiya. In kayan fasinja suka cika kar, koli jira yake."

Ya tura ƙofar magazar da ƙafa. Na ga kwalaye da buhuna sun kai rabin bango, wasu da kwanan watan makon jiya a jikinsu. Na tsaya baki buɗe har sai da na ji ana kiran sunayen fasinja. Ƙarfe biyar da minti goma muka ɗaga.

Madawa da Birnin Ƙonni

Bayan Tibiri aka tsaya muka yi sallah a bakin gudro, wato kwalta. A Gidan Runji jandarmomi suka hau suka duba katin shaidar kowa, minti goma. Takwas saura kwata muna Madawa, na sha shayi da burodi dala sittin a tsaye. Daga nan har Galmi warin albasa ne ke shigowa ta taga, buhuna jere a gefen hanya.

Tara da minti ashirin muka shiga tashar kamfanin a Ƙonni. Ina saukowa na ga wani dogon kamiyo lulluɓe da tamfol, an fake shi a inuwar bishiyar bedi, direban na zaune a tabarma yana cin tuwon ɗumame. Na matsa na yi sallama.

"Direba, daga ina?"

"Maraɗi. Jiya da azahar muka taso."

"To me kuke yi a nan?"

"Kayan Tawa muke jira. Ba a tafiya da rabin mota."

Na nuna masa takardata. Ya dubi lambar, ya nuna can gaban motar da haɓa. Ya ce kayan Alhamis su aka fara lodawa, suna can ciki, sai an sauke komai kafin a kai gare su. Na roƙe shi, na ce masa na dattijo ne mara lafiya. Ya ajiye cokali ya dube ni da tausayi.

"Wallahi ko na uwata ne ba ya fitowa yanzu. In kayan Tawa sun zo yau, gobe da hantsi muna Yamai."

"In ba su zo ba fa?"

"Sai jibi."

Jibi Laraba ce, ranar tashin jirgi. Na dafa tamfol ɗin, takalmin na ciki tsakanina da shi bai fi taku biyar ba, kar ɗinmu kuma na ta danna oda. Muka yi musayar lambar waya na ruga.

Dogon Dutsi, Doso, Yamai

Ban san yadda muka kai Dogon Dutsi ba, lissafin kwanaki kawai nake a kaina. Sha biyu da ƴan mintoci muka tsaya, wata dattijuwa da ke kusa da ni ta miƙo mini dabino ta ce, "Ɗan nan tun Ƙonni kake magana kai kaɗai." A Doso, wajen biyu da rabi, muka yi sallah, na ci shinkafa da wake dala ɗari. Aka sake duba katuna a shingen fita gari, aka saukar da mutum biyu, muka jira su kusan rabin awa.

Biyar da rabi muka shiga Yamai. Na hau taksi zuwa Kale, inda abokina Buhari ke da shagon ɗinki bayan Babbar Kasuwa. Tare muka yi makaranta, shekararsa goma sha biyu a Yamai. Da ya ji labari sai ya tsayar da keke.

"Kwana uku ka rubuta? Daga Maraɗi? Ni nan in aika riga Harobanda, ƙetaren gada kawai, ba na yi wa mutum alkawarin rana ɗaya."

Ya rufe shago ya ɗauke ni a moto muka gangara Gawai, bakin kogi, wai in sha iska. Muka sayi dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, wajen wata Bazabarma, muka zauna muna kallon motoci sun cunkushe a kan gada. Ban iya cin rabi ba. Ana kiran magariba wayata ta yi ƙara, direban kamiyo ne: kayan Tawa sun zo, sun ɗaga. Na kira Hajiya Hadiza na ce mata ina Yamai, gobe zan kawo da hannuna. Ta ce, "To, Allah ya kai mu." A ɗakin Buhari na kwana.

Talata, Kale

Tun bakwai ina ƙofar magazar kamfanin. Kamiyo bai shigo ba sai sha ɗaya da kwata. Aka fara saukewa daga baya: buhunan gyaɗa, tayoyi, katifu, wani firiji. Aka tsaya sallah da cin abinci. Sai biyu saura kwata na hango kwalina, gefensa ɗaya a lotse. Na buɗe a nan take, takalmin lafiya lau.

Mai rajista ya riƙe kwalin zai kai wani lungu. Na ce ina za shi da shi? Ya ce layin Lazare, ranar Alhamis mai moto ke zagaya can. Wato da ban zo ba, ko da kayan sun iso Yamai, sai sun ƙara kwana biyu a gari ɗaya da mai su. Wannan ne ban taɓa sani ba, kuma duk kayan da na aiko cikin shekara biyu ta wannan lungun suka bi.

Mai moton na zaune a kan benci, wani magidanci mai furfura a gemu, sunansa Saini. Da ya ji abin da ake ciki sai ya miƙe ya ce in hau. Hausarsa irin ta ƴan Yamai ce, yana yi yana sako Zabarmanci.

"Kala suru, patron, haƙuri. Kai koli ɗaya ya dame ka. Ni talatin nake ɗauka, kowa ya rubuta mini bayan farmasi, gida mai koren ƙofa. Ka san farmasi nawa ke Yamai? In na kira ba a ɗauka, ko rezon waya ya ɗauke, sai in koma da kaya."

Adireshin Hajiya Hadiza ma haka yake: bayan kasuwar Lazare, kusa da mai faci. Mai faci uku muka samu. Sau biyu muna kiran waya kafin muka gan ta tsaye a ƙofar gida da mayafi, tana ɗaga hannu.

Lazare

Uku da rabi ta yi mini iso tsakar gida. Dattijon, Baba Garba, na zaune a kujerar roba ƙarƙashin rumfa, da carbi a hannu. Ƙafarsa ta dama na kan matashi, an naɗe ta da farin bandeji har idon sawu. Na durƙusa na gaishe shi, idona na kan ƙafar.

Hajiya Hadiza ce ta yi bayani, a tsaye. Likita ya ce Baba ya riƙa tafiya kullum don ya saba kafin ɗawafi. Da Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce, sai ta shiga kasuwa ta saya masa na roba ya riƙa sawa kafin nawa ya zo. Ba ya jin zafi a ƙafa saboda ciwon. Kwana biyu yana zagaya unguwa da shi, sai ran Lahadi da yamma, bayan ta kira ni, suka ga jini a safa. Jiya suka je likita. Ya ce da wannan gyambon ba zai sa masa hannu ya hau jirgi ba, sai ya warke.

Na fara ba ta labarin magaza da kamiyo da kayan Tawa. Ta bari na kai ƙarshe.

"Malam, ranar Talata shafi ya nuna mini an aika. An aika ran Talata?"

Na ce a'a. Ran Alhamis.

"To ka gani. Da ka rubuta kwana goma, ba zan ji haushi ba. Akwai dukawa a Yamai, da na kai shi an gwada ƙafarsa tun ranar. Na zauna ne don ka ce uku."

Baba Garba ya ce a miƙo masa kwalin. Ya ciro takalmin, ya sa hannu ciki yana shafawa, ya saka na hagu a ƙafarsa mai lafiya. Ya zauna daidai. Ya motsa yatsunsa a ciki.

"Wanda ya yi wannan ya iya aiki. Ɗana, daga Maraɗi ka taso saboda ni?"

"E, Baba. Ku yafe mini."

"Na yafe. Tafiya in Allah ya kira ni zan je. Amma abin da ba ka da iko a kansa, kada ka sake sa masa rana. Hadiza, kawo wa baƙo ruwa."

Na sha ruwan, na yi musu sallama. Da muka fito muka kai karfur, wato mararraba, sai Saini ya ce in ina so zai gaya mini ranakun da yake zagaya kowace unguwa. A bakin hanya na tsaya na rubuta su a bayan takardar kolin.

Laraba, komawa

Biyar na asuba na bar Yamai, Buhari ya raka ni tasha da ƙunshin soyayyen nama. Wajen bakwai, muna tsakanin Yamai da Doso, na tuna cewa a daidai wannan lokacin ne ayarin su Baba Garba ke filin jirgi. Na ciro waya na shiga shafin. Wurin shirya kaya na goge ɗaya na sa huɗu. Wurin hanya na goge biyu na sa bakwai. Shafin ya gargaɗe ni cewa masu saye sun fi son kaya mai saurin isa, na danna na yarda. Sauran komand huɗu da ke hannuna kuma na rubuta wa kowa gaskiyar ranar da zai samu, na ce wanda ba zai iya jira ba ya soke. Kafin mu kai Ƙonni biyu sun soke.

Biyar da kwata na yamma muka shiga Maraɗi. Ban wuce gida ba sai da na biya rumfar Malam Idi, na gaya masa abin da dattijon ya ce game da aikinsa, da abin da ya sami ƙafarsa. Ya ajiye basilla ya yi salati. Na tambaye shi kwana nawa irin wannan takalmin ke ci a gaskiya. Ya ce huɗu, kuma tun farko da na tambaye shi da ya gaya mini.

Ana kiran magariba na shiga gida lafiya, alhamdu lillahi. Ina gode wa Buhari da ya ba ni masauki, da Saini da ya bar layinsa ya kai ni, da direban da ya tuna ya kira ni daga Ƙonni. Bayan mako biyar Hajiya Hadiza ta turo mini saƙo cewa gyambon ya rufe, an sa sunan Baba a ayari na gaba. Ku taya ni yi masa addu'a Allah ya kai shi lafiya, ya dawo da shi lafiya.