Kwafin da Ya Tsaya a Ɗakin Yaya

Kamfanin taki da iri da nake wa aiki a Kano yana da wata kwamfuta marar jiki, wadda ke zaune a cikin wata babbar kwamfuta. Kullum takan aika kwafin kanta zuwa ƙauyenmu, bayan Ɗambatta, don ko gobara ta cinye ofis a tashi wancan a ci gaba da aiki. Yayana ne ke kula da kwafin, a wani inji da ke ɗakinsa na ƙofar gida. Da damina ya rasu.

Bayan sadakar arba'in maigidana na wurin aiki ya ce kwafi ya daina tafiya, in je in duba. Na zargi batir, na zargi sola, na zargi wayoyi, duk lafiyarsu lau.

Da azahar na shiga ɗakin. Gero ya rufe gari, kowa yana gona, ba abin da ke motsi sai fankar injin. Na tashi kwafin don gwaji. Kwanan watan da ya fito a kan allo na ranar rasuwar Yaya ne. Sunansa na ciki, a matsayin wanda ke kan aiki. Ya fara buga wani umarni bai ƙarasa ba, ɗan layin nan yana ta ƙiftawa, yana jiransa.

Na fito da baya da baya. Inna, mahaifiyarmu, tana tsintar wake a zaure.

"Inna, an taɓa wani abu ranar?"

"Me za a taɓa? In ban da ƙarfen can da aka ɗaure igiyar rumfar makoki."

Na ɗaga kai. Nauyin rumfa ya juya farantin sadarwar da ke kan ƙarfen, ya bar Kano yana kallon maƙabarta.

Na san gyaran, kuma na san abin da zai biyo baya. A Kano ofis ya riga ya goge sunansa. Da na juya farantin, sabon kwafi zai hau kan wannan ya shafe shi. Na koma na zauna a kujerarsa har la'asar, ina kallon layin. Wallahi ban so ba.

Na hau tsani na juya farantin. Kafin in sauko har aiki ya kankama. Da ya gama na buga sunan Yaya, injin ya ce babu mai wannan suna.

"Ya gyaru?" in ji Inna daga zaure.

"Ya gyaru, Inna."

"To rufe masa ɗakin, kar kaji su shiga."